Ƙididdigar Ruwan Sama Da Na Koguna: Lissafin Da Lantarki Da Shinkafar Jihar Neja Suka Dogara A Kansa

MINNA — Daga tsakiyar watan Agusta zuwa ƙarshen Satumba na kowace shekara, injiniyoyin da ke kula da madatsar ruwa ta Shiroro, mai tazarar kimanin kilomita 60 daga Minna, babban birnin Jihar Neja, kan kwana su tashi da tambaya guda: a riƙe ruwan da Kogin Kaduna ke kawowa, ko kuwa a buɗe ƙofofi a rage shi? Idan aka saki ruwa da wuri, sa'an nan damina ta ɗauke ba zato, tafkin zai shiga rani bai cika ba, injuna kuma su rasa abin da zai juya su a watannin Maris da Afrilu, daidai lokacin da zafi ke sa jama'a neman wuta ido rufe. Idan kuwa aka riƙe har tafkin ya cika maƙil, aka wayi gari wani sabon ruwa ya gangaro daga tsaunukan Jos, to babu makawa sai an buɗe ƙofofin da ƙarfi, abin da daga ƙarshe zai sauka a kan gonakin shinkafa na Wushishi da Lavun da sauran ƙauyukan bakin kogi, har zuwa Muregi inda Kogin Kaduna ya haɗu da Kogin Neja, wanda aka fi sani da Kwara.

Ba da ka ake amsa wannan tambaya ba. Ana neman amsarta ne a wani fanni na kimiyyar ruwa wanda ke tattara awon ruwan sama da na koguna na shekaru masu yawa, ya tace su da ilimin ƙididdiga, ya fitar da tsarin lissafi mai nuna abin da ake sa ran kogi zai yi, da kuma iyakar kuskuren da ke tattare da hasashen. Fanni ne da ba kasafai ake jin labarinsa ba, amma a jihar da ke ɗauke da manyan tashoshin lantarki na ruwa na ƙasar nan, kusan babu wata harkar tattalin arziki da ba ta shafe shi ba.

Kamar yadda aka sani, an kammala madatsar Kainji a 1968 da ƙarfin megawat 760, sai ta Jebba da ke kan iyakar Neja da Kwara a 1985 da megawat 578, sa'an nan Shiroro a 1990 da megawat 600. Ta baya-bayan nan ita ce ta Zungeru mai megawat 700, wadda aka soma ginawa a 2013 aka kammala a 2023 a kan kuɗi kimanin dalar Amurka miliyan dubu ɗaya da ɗari uku, akasarinsu rance daga ƙasar Sin. Man da waɗannan tashoshi huɗu ke sha shi ne ruwa, kuma ba a sayo shi a kasuwa idan ya ƙare.

Domin a gane darajarsa, kubik mita ɗaya na ruwa, wato lita 1,000 ko duro biyar, idan ya faɗo daga tsayin mita 100 ya bi ta cikin inji, yana ba da kimanin rubu'in yunit na lantarki. Ke nan sai an zubar da duro 20 kafin mita ta ƙirga yunit guda. Inji mai megawat 150, irin guda huɗun da ke Shiroro, yana buƙatar abin da ya kusa kubik mita 600,000 a cikin sa'a ɗaya idan yana aiki da cikakken ƙarfinsa. A Kainji, inda tsayin faɗuwar ruwan bai kai rabin haka ba, buƙatar ta fi haka yawa. Saboda haka duk ruwan da ya fita ta ƙofar rage ambaliya bai bi ta inji ba, kuɗi ne aka zubar, kuma tun da aka miƙa tashoshin ga 'yan kasuwa a 2013, kamfanin Mainstream ya karɓi Kainji da Jebba, kamfanin North South Power ya karɓi Shiroro, asarar tana fitowa ƙarara a cikin littattafan ciniki.

Tushen lissafin dai abubuwa biyu ne marasa kwarjini. Na farko shi ne ma'aunin ruwan sama, wani ɗan gwangwani mai mazurari da ake dubawa kowace safiya a rubuta milimita nawa aka samu. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce, kuma Minna kan sami kimanin milimita 1,200 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, mafi yawa a Agusta da Satumba. Na biyu shi ne sandar awo da ake kafawa a bakin kogi ko a jikin gada, mai zane-zanen santimita, wadda wani ma'aikaci ke karantawa safe da yamma. Sai dai sandar tsayin ruwa kawai take nunawa, ba yawansa ba. Kafin tsayi ya zama yawa sai ƙwararru sun shiga kogin da kwalekwale sun auna faɗinsa da zurfinsa da saurin gudunsa a lokuta dabam-dabam, su tsara jadawalin da ke fassara kowane tsayi zuwa kubik mita a daƙiƙa. Kogi mai yashi kuwa yana sauya shimfiɗarsa bayan kowace babbar ambaliya, don haka jadawalin da ba a sabunta ba yakan ci gaba da ba da alƙaluma masu kyan gani amma na ƙarya.

Daga waɗannan littattafai ne masana ke ƙoƙarin amsa tambayoyin da suka fi damun manomi da injiniya. Ta manomi ita ce yaushe damina za ta zauna. A nan ana amfani da wata dabara mai ɗauke da sunan Markov, masanin lissafi ɗan ƙasar Rasha, wadda aka soma gwadawa sosai a kan ruwan sama na kullum a farkon shekarun 1960. Hikimarta ita ce yiwuwar samun ruwa yau ta danganta da ko an yi jiya. Idan aka ƙirga, a cikin littattafan shekara 30, sau nawa ranar ruwa ta biyo bayan ranar ruwa, sau nawa kuma ta biyo bayan busasshiyar rana, a kowane mako na shekara, za a iya gaya wa manomin dawa ko doya a Paiko ko Kuta cewa idan ya yi shuka a makon kaza, haɗarin samun fari na kwana goma a jere bayan tsiro ya fito kashi kaza ne cikin 100, idan ya jinkirta mako biyu kuma haɗarin zai ragu zuwa kaza. Wannan aiki ba baƙo ba ne a Arewa. Tun a 1972 Kowal da Knabe na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, suka wallafa kundin taswirar yanayin noma na jihohin Arewa, wanda ya tsara lokutan faɗuwar damina da ɗaukewarta wuri-wuri.

Tambayar injiniyan madatsa kuwa ita ce nawa ne zai shigo tafki a wata mai zuwa. Kogi ya fi sama riƙe al'ada, domin ƙasa kan shanye ruwa ta riƙa sakinsa a hankali, don haka ruwan Oktoba yana da dangantaka mai ƙarfi da na Satumba. A kan wannan ne Thomas da Fiering na Jami'ar Harvard suka gina tsarinsu a 1962, daga baya Box da Jenkins suka faɗaɗa hanyar a littafinsu na 1970. Abin sha'awa a nan shi ne tsarin yana iya ƙirƙiro ɗaruruwan shekaru na kwaikwayo a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, masu hali irin na kogin gaskiya, a gwada dokar sakin ruwa a kansu, a ga sau nawa tafkin zai ƙafe, sau nawa kuma zai tumbatsa. Da haka ake zana jadawalin da ke gaya wa mai kula da madatsa matakin da ya kamata tafki ya kasance a kowane mako.

Akwai kuma batun babbar ambaliya, wanda shi ne ya fi rikita jama'a. Emil Gumbel, Bajamushen masanin ƙididdiga da ya yi hijira zuwa Amurka, ya nuna a 1941 yadda za a ɗauki ruwa mafi girma na kowace shekara a ƙiyasta wanda ake kira ambaliyar shekara 100. Sunan yana yaudara. Ba yana nufin idan ta zo bana sai bayan ƙarni guda za ta dawo ba. Ma'anarsa ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin 100 ta auku. Wanda ya gina rumbu ko injin casar shinkafa a wurin da irin wannan ruwa ke kaiwa, ya zauna shekara 30, yiwuwar ruwan ya same shi aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 26 cikin 100. Idan shekara 50 ce, ta doshi kashi 40. Bankin da ke ba da rance a kan irin wannan kadara, da kamfanin inshora, da injiniyan da ke yanke girman kwalbati, duk suna caca ne da wannan adadi, ko sun san da shi ko ba su sani ba.

Amma darasi mafi tsada da Jihar Neja ta koya ya zo ne ta wata fuska, wadda aka fara ganowa a Masar. Harold Edwin Hurst, Baturen Ingila da ya shafe fiye da rabin ƙarni yana nazarin Kogin Nilu, ya duba awon da aka riƙa ɗauka a tsibirin Rauda na Alƙahira tun ƙarni na bakwai, ya kuma wallafa a 1951 cewa shekarun yalwa kan zo a jere, na ƙaranci ma a jere, fiye da yadda lissafin ƙuri'a zai nuna. A 1968 Mandelbrot da Wallis suka raɗa wa wannan hali sunan Annabi Yusuf, saboda shekaru bakwai na wadata da bakwai na fari, yayin da suka raɗa wa ruwan da ke zuwa lokaci guda fiye da duk wanda aka taɓa gani sunan Annabi Nuhu. Ma'anar wannan ga mai gina madatsa ita ce matsakaicin shekara 20 ko 30 yana iya zama na zamanin wadata kaɗai.

Haka kuwa aka yi a Afirka ta Yamma. Shekarun 1950 da farkon 1960, lokacin da ake nazarin Kainji da gina ta, suna cikin mafi ruwa a ƙarnin da ya wuce. Ba a daɗe da buɗe ta ba fari ya sauka a 1972 da 1973, ya sake dawowa da tsanani a 1983 da 1984, har ta kai a watan Yuni na 1985 Kogin Neja ya daina gudu a Yamai. Tashar da aka yi wa gurbin injuna 12, aka kafa takwas, ta shafe shekaru ruwan da ke shigo mata bai kai abin da aka yi tsammani ba.

Lissafin Kainji yana da wani sarƙaƙiya da babu shi a Shiroro, domin sau biyu kogin ke kawo ruwa a shekara. Akwai wanda masana ke kira farin ruwa, mai launin laka, wanda ruwan saman yankin Sakkwato da Kabi da ƙasashen maƙwabta ke haddasawa, yana kuma kai ƙololuwa a Satumba zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya sauka a tsaunukan Gini tun da damina, ya yi watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali inda ya sauke lakarsa, sa'an nan ya iso Nijeriya garau daga Disamba zuwa Fabrairu. Masu iya magana kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma baƙin ruwa ya gaskata su: wanda ya sami awon Koulikoro a Mali da na Yamai a kan lokaci, ya san abin da zai shigo Kainji makonni kafin ya iso. Wannan na daga cikin amfanin Hukumar Kula da Kogin Neja mai ƙasashe tara, wadda aka kafa a 1980 da hedkwata a Yamai. Shiroro ba ta da wannan gata. Kogin Kaduna da rassansa irin su Sarkin Pawa da Dinya damina ɗaya suka sani, kuma tazarar da ke tsakanin saukar ruwa da isowarsa tafki ta kwanaki ce.

Bayan fari sai al'amari ya juya. Idan ba a manta ba, a 1999, zamanin Hukumar NEPA, sakin ruwa daga madatsun ya mamaye ƙauyuka masu yawa a jihohin Neja da Kwara da Kogi. A 2012 ambaliya ta hallaka mutum 363 a faɗin ƙasar nan bisa alƙaluman Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu, aka kuma ƙiyasta asarar da naira tiriliyan 2.6. Ta 2022 ta ci rayuka fiye da 600. Masu bincike a yankin Sahel sun kuma gano wani abin mamaki: a wurare da dama ruwan da ke kwarara cikin koguna ya ƙaru ko a shekarun da ruwan sama bai ƙaru ba, saboda sare dazuzzuka da taurin da ƙasa ta yi sun hana ta shanyewa. Wato dangantakar sama da kogi, wadda ita ce ƙashin bayan lissafin, ita kanta tana sauyawa. A 2008 wasu manyan masana suka bayyana a mujallar Science cewa zamanin ɗaukar jiya a matsayin madubin gobe ya wuce. Wannan bai rage darajar tsofaffin littattafai ba, sai ma ya ƙara wajabta sababbi, domin ba a gane an sauya sai an ci gaba da aunawa.

Ta fuskar cibiyoyi, Minna ba ta da ƙorafi. A nan ne hedkwatar Hukumar Raya Kogin Neja ta Sama take, ɗaya daga cikin hukumomin raya koguna da suka samo asali daga dokar 1976. A nan ne kuma hedkwatar hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki ta ruwa, HYPPADEC, wadda aka yi dokarta a 2010 amma ba ta kama aiki ba sai bayan kimanin shekara goma. Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, tana da sassan injiniyanci da na nazarin ƙasa da na ƙididdiga a Bosso da Gidan Kwano, inda malamai da ɗalibai suka daɗe suna rubuce-rubuce a kan ruwan saman Minna da shigar ruwa tafkin Shiroro, ga kuma cibiyar WASCAL ta nazarin sauyin yanayi da Jamus ke tallafawa. A matakin tarayya, Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, Hukumar NIHSA kuma tana fitar da hasashen ambaliya tun daga 2013.

Inda gizo ke saƙa shi ne awon kansa. Ƙa'idar Hukumar Yanayi ta Duniya ga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ita ce aƙalla ma'aunin ruwan sama ɗaya a kowace murabba'in kilomita 575, da tashar awon kogi ɗaya a kowace 1,875. Jihar Neja, wadda ta fi kowace jiha faɗin ƙasa da murabba'in kilomita fiye da 76,000, tana buƙatar ke nan ma'aunai kimanin 130 da tashoshin kogi kimanin 40, dukkansu masu aiki ba fashi. Ƙorafin da ya fi yawa a rubuce-rubucen masu binciken ruwa a ƙasar nan shi ne na ƙarancin tashoshi da giɓin watanni ko shekaru a cikin littattafai, da kuma warwatsuwar abin da ake da shi tsakanin hukumomi da kamfanoni. Matsalar tsaro a ƙananan hukumomin Shiroro da Munya da Rafi, waɗanda su ne bakin tafkin da rassansa, ta ƙara wa aikin fita daji wuya. Ana iya cike giɓi da lissafi, amma abin da aka cike da shi ƙiyasi ne, kuma mafi muni shi ne awon kan yanke ne a ranar babban ruwa, lokacin da sanda ta nutse ko gada ta karye, alhali awon wannan rana ya fi na shekara guda daraja.

A ganinmu, nan ne kasafin kuɗi ke yin kuskure. Gina madatsa da ƙaddamar da ita abu ne da ake gani a talabijin, alawus ɗin mai karanta sanda a ƙauye kuwa shi ake fara yankewa idan kuɗi suka yi ƙaranci, ko da yake kuɗin kula da dukkan tashoshin awon jihar bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da farashin inji guda. Taurarin ɗan Adam sun taimaka ƙwarai wajen ƙiyasta ruwan sama a wuraren da babu ma'auni, sababbin manhajojin kwamfuta masu koyo da kansu kuma suna fin tsofaffin hanyoyi dacewa a wasu gwaje-gwaje, amma dukkansu sai an daidaita su da awon ƙasa kafin a amince da su.

Abin da ya faru a Mokwa a ranar 29 ga Mayu, 2025 ya nuna wani giɓin dabam. Ruwan sama na dare guda ya haddasa ambaliyar da ta share unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, ta hallaka mutum fiye da 150, ta kuma katse hanyar da manyan motoci ke bi da kayan abinci tsakanin Arewa da Kudu maso Yamma. Gwamnatin Tarayya ta bayyana cewa ba daga Kainji ko Jebba ruwan ya fito ba, kuma Jihar Neja tana cikin jihohin da hasashen ambaliya na shekarar ya ambata. Sai dai hasashen da aka gina a kan jimillar wata ko ta damina ba ya iya faɗin abin da ƙaramin rafi zai yi cikin sa'a uku. Wannan yana buƙatar ma'auni mai rubuta ruwa minti-minti, da lissafin da ke danganta ƙarfin ruwa da tsawon lokacinsa da yawan aukuwarsa, wanda da shi ne ake yanke faɗin magudana da kwalbati a garuruwa irin su Mokwa da Bida da Kontagora, da ita kanta Minna, inda gine-gine ke ci gaba da hawa gangaren duwatsu suna toshe hanyoyin ruwa.

Shigowar Zungeru ta kuma sauya lissafin Kogin Kaduna baki ɗaya. Yanzu duk abin da Shiroro ta saki a tafkin Zungeru yake sauka, kuma tun 2024 tashar Zungeru tana hannun wani reshe na kamfanin Mainstream, yayin da Shiroro ke hannun wani kamfanin dabam. Idan aka haɗa awon tashoshin biyu a tsarin lissafi guda, ruwa ɗaya zai ba da wuta sau biyu, tafkin ƙasa kuma ya tanadi gurbin tarbar abin da na sama zai saki, ta yadda manoman fadamun Wushishi da Badeggi da Katcha za su sami gargaɗin kwanaki kafin ruwa ya iso. Tsarin zai kuma buƙaci sabon awon zurfin tafkin Shiroro lokaci-lokaci, domin laka da yashin da kogin ke sauke wa a ciki tun 1990 suna rage masa ciki a kowace damina, kuma jadawalin sakin ruwa yana aiki ne da girman tafkin da aka rubuta a takarda.